An canza mana boila, an bar mana tsoffin wayoyi a kabad: yaya zan yi da su?

Baban Hanifa (Leeds):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wuta a ƙasar nan ta Birtaniya. Ranar Talata aka canza mana boila, na'urar dumama gida da ruwa. Tsohuwar irin mai tankin ruwan zafi ce, tankin yana cikin kabad a saman bene kusa da banɗaki. Sabuwar kombi ce, wadda take dafa ruwa nan take da zarar an buɗe famfo, don haka mai aikin ya cire tankin ya tafi da shi. Uwargida har ta fara jera tawul da zannuwan gado a wurin.

Jiya da dare na haska fitilar waya na duba cikin kabad ɗin sosai. Akwai wani farin makunni a bango mai 'yar jar fitila, wata waya mai kauri ta fito daga ƙasansa, an yanke ta an naɗe bakin da baƙin salatif. Gefensa akwai farin akwatin roba, bai fi girman littafi ba, wayoyi biyar sun shiga cikinsa. Sai wata kore da rawaya da aka ɗaure a jikin bututun tagulla. A falo kuma tsohon tamostat, abin daidaita ɗumin ɗaki, yana nan a bango, alhali an ba mu sabo mara waya.

Abin da ya hana ni barci shi ne Hanifa. Shekararta uku, kuma ta riga ta gano wannan kabad wurin ɓuya ne. Tunanina in yanke wayoyin daidai bango, in tura su ciki, in shafe da filasta. Ko akwai matsala?

Ɗan Zariya (Bradford):
Wa alaikumus salam Yaya. Ai tunda an cire abin da suke ba wuta, wayoyin sun mutu. Ka sa testa ka duba, in bai kama ba ka yanke, ka ƙara salatif, shi ke nan. Haka na yi a gidana bara, ban ga komai ba.

Injiniya Baban Sadiq (Manchesta):
Baban Hanifa, don Allah kada ka taɓa komai tukuna. Ka rufe kabad ɗin nan yau, ka sa abin da yarinyar ba za ta iya buɗewa ba, a kwashe tawul ɗin daga kusa da wayar.

Ƙanena Ɗan Zariya, ka yi haƙuri zan saɓa maka. Cire tanki ba ya kashe waya. Tanki shi ne mai shan wuta, waya kuwa ita ke kawo ta, kuma tushenta yana can ƙasa a akwatin bireka. Muddin ba a raba ta da tushen ba, bakin nan da aka naɗe da salatif yana iya ɗauke da bolt 230.

Bari in faɗa maka abin da nake zato kana kallo, don na buɗe irin kabad ɗin nan ba adadi. Makunnin mai jar fitila na hitar cikin tanki ne, wadda ake kunnawa in boila ta lalace. Hitar nan kilowat 3 take ja, kusan amf 13, shi ya sa yawanci ake ja mata layinta ita kaɗai daga akwatin bireka, da bireka mai amf 16. Ba ruwanta da boila. Mai aikin gas zai kashe makunnin boila mai fiyus na amf 3, ya yi aikinsa ya gama, layin hita na nan da wutarsa bai ma bi ta kansa ba. Wannan shi ne tarkon da ke cikin kabad ɗin: wuta daga wuri biyu take zuwa. Ka kashe ɗaya ka ɗauka ka gama, ɗayan na jiranka.

Farin akwatin kuma mahaɗa ce. Nan wayar agogon boila, da ta tamostat na falo, da ta tamostat na jikin tanki, da ta famfon tura ruwa, da ta bawul mai ɗan injin buɗewa da rufewa duk suke haɗuwa. Wani mai aikin yakan kashe ta gaba ɗaya, wani kuma yakan bar ta ya bi ta cikinta ya ba sabuwar boila wuta don kada ya ja sabuwar waya. Daga waje ba za ka gane wanne aka yi maka ba.

Baban Hanifa (Leeds):
Na gode Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na sa igiya na ɗaure hannun kabad ɗin. To amma in na sauka na kashe birekar da aka rubuta mata hita, ai ta mutu ko? Na ga rubutun a jikin akwatin.

Injiniya Baban Sadiq (Manchesta):
Rubutun jikin akwati shaida ce ta abin da wani ya yi niyya shekaru ashirin da suka wuce. Tun daga lokacin mutum nawa suka taɓa wayarin gidan? Mu a wurin aiki ba ma yarda da rubutu, sai abin da na'ura ta nuna. Kuma ba testa mai kama da sukundireba ba, wadda muka saba da ita a gida. Ita wannan da jikinka take cika zagayen wutar. In kana tsaye kan busasshen kafet da takalmin roba, ko kan tsanin katako, fitilar tana iya yin dishi-dishi har ka kasa gani, alhali wuta na nan. Wani lokacin kuma ta kama a wayar da ba komai, don kawai ta bi ta gefen wata mai wuta. Irin alƙalamin nan mai ƙara in an kusanta shi da waya shi ma yana da amfani wajen nuna akwai wuta, amma ba a dogara da shi a ce babu.

Abin da ake amfani da shi testa ce mai baki biyu. Za ka fara gwada ta a inda ka tabbata akwai wuta, ka ga tana aiki. Sannan ka gwada wayar: layif da nitiral, layif da at (wayar kariya mai kai wuta ƙasa), nitiral da at. Sannan ka koma ka sake gwada testar a inda ke da wuta, don ka tabbata ba a tsakiyar aikin ta mutu ba. Birekar kuma a sa mata ɗan kwaɗo, makullin yana aljihunka, saboda a gida mai iyali wani zai ga wuta ta ɗauke ya je ya ɗaga ta da kyakkyawar niyya kana riƙe da tagulla.

Maman Khalil (Bamingham):
Wallahi maganar kwaɗon nan gaskiya ce. Maigidana yana canza fitilar kicin, ya kashe bireka, ni kuma ina sama ban sani ba. Na ga firji ya yi shiru, na sauko na ɗaga. Allah ya sa ya riga ya sauko daga kan kujera yana neman sukundireba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Tun ranar in zai taɓa wuta sai ya tara mu ya faɗa, ya manna takarda a jikin akwatin.

Ɗan Zariya (Bradford):
Injiniya ban ƙi taku ba, amma ai gidajen nan suna da RCD, na'urar nan mai yanke wuta in ta zurare. Ko mutum ya taɓa, kafin ƙiftawar ido ta yanke. Kuma ni launi nake bi: ja ko ruwan ƙasa shi ne mai wuta, baƙi ko shuɗi ba komai. In ban taɓa jan ba me zai same ni?

Injiniya Baban Sadiq (Manchesta):
Wannan ta launi ita ta fi ba ni tsoro a duk abin da ka faɗa, don a wayarin boila ne ta fi cin mutane.

Gaskiya ne a da ja ne layif, baƙi nitiral. Daga 2004 aka fara sauyawa zuwa ruwan ƙasa da shuɗi, zuwa 2006 ya zama dole a sabon aiki. To amma wayar da ke zuwa tamostat sau da yawa mai jijiya uku ce da at. Tsohuwar ja, rawaya, shuɗi. Sabuwar ruwan ƙasa, baƙi, ruwan toka. Ka ga baƙi a sabon tsari ba nitiral ba ne. A gidan da aka yi wa aiki kafin sauyin da bayansa, za ka buɗe akwati ɗaya ka ga baƙi biyu, ɗaya nitiral ɗaya mai wuta. In kuma waya mai jijiya biyu aka ja wa tamostat, jan ya kai wuta, baƙin ya dawo da ita in ɗaki ya yi sanyi. Ƙa'ida a sa masa ɗan hannun riga mai launin layif don a gane, amma da yawa ba sa sawa. Da idona na taɓa ganin inda jijiyoyi suka kasa wa wani, ya ɗauki tsirarar wayar at ya mai da ita mai kai wuta.

Akwai kuma wata: yawancin wayoyin nan wutarsu mai zuwa da tafiya ce. Ka gwada da rana ka ga babu, ƙarfe shida na yamma agogo ya kunna, ta zo. A tsarin da ke da bawul biyu, wayar bawul mai ruwan toka ita kullum da wuta take, ko ana dumama gida ko ba a yi.

Batun RCD kuwa, na'ura ce mai kyau ƙwarai, tana yankewa in wuta ta zurare da miliamf 30. Amma ba ta rage ƙarfin abin da zai bi ta jikinka, lokacin kawai take gajartawa. In ka riƙe layif da nitiral tare ba tare da wutar ta bi ƙasa ba, ita a wurinta kai ma kayan wuta ne. Sannan tsoffin gidaje da yawa layin hita ba ya ma bayan RCD. Ka duba akwatinka, wataƙila soket kawai take karewa.

Ƙanena, wayoyin da ka ce ka yanke bara, suna ina yanzu?

Ɗan Zariya (Bradford):
Suna cikin bango, na shafe na yi fenti. Ta tamostat ce a koridō. Yanzu kam kun sa na fara tunani.

Injiniya Baban Sadiq (Manchesta):
To ka samu wanda zai bi ta ya gano ɗaya bakin. Ga dalili, kuma amsar tambayar Baban Hanifa ke nan ta farko. A ƙa'idar wayarin ta ƙasar nan, BS 7671, wayar da aka binne kusa da fuskar bango tana bin hanyoyi sanannu: miƙe sama ko ƙasa ko gefe daga soket ko makunni, ko cikin milimita 150 daga silin ko kusurwa. Duk mai huda bango da ya san aikinsa, in ya ga makunni ya san kada ya huda a layinsa. Ranar da ka cire tamostat ka shafe wurin, ka goge alamar. Gobe kai ko wanda zai sayi gidan ya zo rataya hoto ko allon karatun yara, ƙusa ta shiga tsakiyar waya. Salatif kuma ba ya daɗewa, gamonsa yana bushewa ya saki, balle a wuri mai zafi.

Hanya biyu ce. In ana so wayar ta mutu, a cire ta daga tushenta, a tabbatar da na'ura, a zare ta in tana zaruwa. In ba ta zaruwa, a rufe bakunan biyu cikin mahaɗa, a rubuta a jiki cewa ba ta aiki. Da yawanmu mukan haɗa jijiyoyin da at don ko wani ya yi kuskuren ba ta wuta nan gaba, bireka ta faɗi nan take. In kuma za a bar ta da wuta, kowace jijiya ta shiga mahaɗarta, irin Wago ko makamancinta, cikin akwati, a rufe da murfi mai sukurori wanda ido zai gani.

Alhaji Baba (Landan):
Ni tambayata daban ce. Ba aikin wanda ya sa boilar ba ne ya bar wurin lafiya? Kuɗi aka biya shi. Shekarata talatin da wani abu a ƙasar nan, abin da na lura mutanenmu muna da kunyar kiran ma'aikaci ya dawo. Baban Hanifa, ɗana, ka kira shi. Ka ce ya faɗa maka a rubuce wace waya ya kashe, daga ina ya kashe ta. Kuma ka duba katinsa na Gas Safe, rajistar masu aikin gas wadda ta maye gurbin CORGI tun 2009. Ya kamata ya yi wa aikin rajista, takardar shaida ta zo maka ta gidan waya, ya kuma cike shafin Benchmark da ke bayan littafin boilar. Ranar da za ka sayar da gidan lauya zai tambaye ka takardar nan.

Baban Hanifa (Leeds):
Baba, na bi shawararku na kira shi. Ya ce mahaɗar ya kashe ta, amma hitar "ba layinsa ba ce", makunnin kawai ya kashe ya naɗe bakin. Wato da Hanifa ta danna makunnin nan, wuta za ta zo bakin wayar da ke rataye daidai kanta. Jikina ya yi sanyi da ya faɗa.

Injiniya Baban Sadiq (Manchesta):
Aƙalla ya faɗi gaskiya, amma bai kyauta ba. Ko ba zai taɓa akwatin bireka ba, cire guntun wayar daga cikin makunnin aikin minti biyar ne. Katin Gas Safe shaidar gas ce, ba ta wuta ba. Wasunsu sun iya wayarin sosai, wasu iyakarsu su haɗa boila.

Kafin in manta: koren da rawayan da ke jikin bututu, kada kowa ya cire shi. Ba ragowar tsohuwar boila ba ne. Shi ke haɗa bututun ƙarfe da at, don in wata waya ta taɓa bututu a wani lungu kada famfon wanka ya zama mai jan mutum. Za ka ga ɗan ƙarfe a maƙale da rubutun gargaɗi kada a cire. Mai gwaji ne kaɗai zai iya cewa ana bukatarsa ko ba a bukata. Abin dubawa ma shi ne ko yanke bututun da aka yi wajen cire tanki ya raba shi da inda ya kamata ya kare.

Malam na Sheffield:
Injiniya, a fayyace mana: doka ta hana mutum taɓa wayar gidansa ne? Wasu na cewa tara ake ci.

Injiniya Baban Sadiq (Manchesta):
Ba ta hana ba, Malam. A Ingila sashen dokar gini da ake kira Part P, wanda ya fara aiki a 2005 aka sassauta shi a 2013, ya ware ayyukan da dole a sanar da hukuma: jan sabon layi, canza akwatin bireka, da aiki kusa da bahon wanka ko shawa. Sauran ƙananan gyare-gyare mutum na iya yi, da sharaɗin aikin ya cika ƙa'ida. Scotland tsarinsu daban ne.

Amma wurare biyu nake roƙon kowa ya bari. Cikin akwatin bireka, domin ko ka kashe babban makunni, manyan wayoyin da suka shigo daga mita suna nan da wuta, kuma cire layin hita daga tushe a nan ake yin sa. Sai murfin boila, domin a yawancin na zamani murfin yana cikin abin da ke tsare hayaƙi, buɗe shi aikin mai rajistar gas ne. Kuma kada wani ya ce zai haɗa tsohuwar wayar tamostat da sabuwar boila da kansa: wasu ƙananan wuta suke karɓa a wannan wurin, ka ba su 230 allon cikinsu ya ƙone.

Maman Ilham (Leicester):
Mu da muke haya fa? Irin wannan ne a gidanmu tun watan azumi, waya a rataye a kabad. Na faɗa wa mai gidan da baki sau biyu, ya ce ba komai.

Alhaji Baba (Landan):
'Yata, daina faɗa da baki. Ɗauki hoto, ki tura masa saƙo a rubuce da kwanan wata. A Ingila dole mai gidan haya ya sa a gwada wayarin gidan aƙalla duk shekara 5, rahoton da ake kira EICR, kuma dole ya ba ki kwafi. Na gas kuma duk shekara ne. Ki nemi duka biyun. In ya yi biris, ki kai wa sashen gidaje na kansul ɗinku, wato ƙaramar hukuma, suna da ikon tilasta shi. Ke dai kada ki taɓa, kada yara su shiga wurin.

Abban Fatima (Kano):
Ina bin ku daga gida. Mu ba mu da boilar dumama ɗaki, amma hitar banɗaki in ta lalace haka ake cire ta a bar waya a bango, a wuri mai ruwa ma. Namu haɗarin har ya fi, don mutum sai ya ga an ɗauke wuta ya ce bari in yi sauri in gyara kafin a kawo. Ga janareta, ga inbata da sola, wuta na iya zuwa ta inda ba ka zata ba. Wannan bayanin na gwada testa kafin da bayan aiki zan tura wa yaron da ke mana wayarin.

Baban Hanifa (Leeds):
'Yan uwa ga yadda aka ƙare. Na samu mai aikin wuta mai rajista da NICEIC, ƙungiyar da ke tantance masu aikin wuta, ya zo yau da safe, ya yi kamar awa biyu.

Da ya kashe birekar da aka rubuta wa hita, ya sa na'urarsa a makunnin, wuta na nan daram. Ashe rubutun ya sauka da layi ɗaya, wadda aka rubuta wa hita ta fitilun waje ce. Da na bi shirina na farko, da na kashe waccan na kama waya da filaya hankalina kwance. Ya gyara rubutun akwatin gaba ɗaya, ina tsaye muna bi ɗaki-ɗaki.

Mahaɗar ta mutu kamar yadda mai gas ya ce, ya cire ta ya zare wayoyi uku. Ta tamostat ɗin falo ta ƙi zaruwa, sai ya rufe bakunanta biyu ya yi rubutu, ya sa farin murfi a falon. Koren da rawayan ya gwada shi ya bar shi, ya ƙara ɗaure shi don ya yi sako-sako. Layin hitar kuma ya ce wayarsa lafiya lau take kuma tana bayan RCD, don haka maimakon a kashe shi ya mai da shi soket, uwargida za ta riƙa cajin injin shara a wurin. Ya ba ni takardar shaidar ƙaramin aiki da sakamakon gwajin a jiki. Kuɗin bai kai cefanenmu na sati biyu ba.

Injiniya, Baba, Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuri'a.

Ɗan Zariya (Bradford):
Amin. Yaya, turo min lambarsa ta akwatin sirri in yana zuwa Bradford. Na auna wurin da na shafe, tazarar hannu ɗaya ce tsakaninsa da inda na kafa ƙusar madubi.

Injiniya Baban Sadiq (Manchesta):
Kada ka cire ƙusar, kada ka ƙara wata. Kafin ya zo ka nemo masa hoton koridon na da in kana da shi, ya ga daidai inda tamostat ɗin yake, zai rage masa fasa bango.